Yaɗiya ta rufe mana fako

 

Ranar da na fara kawo maganar shibka yaɗiya gaban ƙungiyarmu, an gama zubi ke nan, an ƙirga kuɗi an faɗa da ƙarfi kowa ta ji, an kulle asusu, masu makulli kowace ta ɗaure nata ga bakin zane. Na ce ina da shawara. Da na faɗe ta sai wuri ya kaure da dariya, har wata ta kwanta bisa tabarma. Wata ƙanwarmu mai bakin tsiya ta ce, "Shugaba, karatun ga naki ya hwara yi miki yawa. Yaɗiya ma sai an shibka ta? Gobe sai ki ce muna mu shibka ƙarangiya." Tsohuwar da duk muke kira Inna ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta bari sai da anka natsu, sannan ta ce, "Ku bari ta ƙare maganatta. Ni na san inda nike tsinko yaɗiya ina budurwa, na kuma san inda jikata ka zuwa biɗatta yanzu."

Kowa ta yi shiru, don kowa ta san gaskiya ce. Da, in anka aiki yarinya yaɗiya, kafin ruwan tukunya ya tafasa ta dawo. Yanzu ta fita da hantsi sai azahar, ta komo da rabin ƙwarya, ƙafa duk ƙaya. Gonaki sun ci daji, wannan ɗaya. Masu kai haki Tawa don bisashen cikin gari kuma sukan sare ta har gindi su ɗora ma jaki. Mu ma kada mu wanke kanmu: in bazara ta matsa, tsige ta muke yi tas, ba mu barin mata ko kunne guda.

Abin da ya sa dariyar ta yi yawa na san shi, don ni ma yana cikina. A wurinmu sunan yaɗiya ya haɗu da yunwa. Ta shekarar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, ina ƙarama, ga bakin mahaifiyata na ji labarinta. Amma ta 2005 da idona na gan ta, da goyo ga bayana. Damanar 2004 ruwa ya tsaya da wuri, fara ta zo ta ida abin da ya rage, maigida ya tafi biɗa Abijan, tiyar hatsi ta hau inda hannunmu ba ya kai. Munka jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, munka ci jiga, munka ci tafasa da ta tsiro. Amma kafin ruwa ya sauka, lokacin da ƙasa ta yi fari fat, abin da yake kore a ƙasa wanda mace za ta duƙa ta tsinka, yaɗiya ce. Da Allah ya kawo sauƙi sai munka juya mata baya. Gidan da anka ga ana dafa ta safe da marece sai a fara raɗa, wai rumbunsu ya ƙare. Ni kaina na taɓa rufe tukunya da faifai don baƙuwa ta shigo.

Bari in faɗi kamanninta saboda ƴan matan cikin gari waɗanda ba su san ta ba sai cikin kwano. Sunanta ya faɗi halinta, yaɗo take yi. Gindi guda sai ya miƙa rassa ko'ina bisa ƙasa, su hau juna su sarƙe har su zama kamar tabarma. In ta samu magarya ko aduwa kusa, ta haye. Sabon reshe laushi gare shi, tsoho kuwa yakan yi ɓawo mai kauri mai tsaga-tsaga. Kunnuwanta biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna, kuma ba kamarsu guda ba: a gindi ɗaya ki ga mai faɗi, ki ga siriri kamar bakin mashi. Furenta ƙanana ne, tsakanin fari da ɗorawa, a dunƙule wuri guda inda kunne ya haɗu da reshe, kowane kamar ɗan tauraro. Kusan duk shekara ba a rasa fure jikinta, ƙudan zuma na son shi, mu ma muna cin shi. Saiwarta nisa take yi cikin ƙasa, shi ya sa rani ba ya kashe ta.

Wani ma'aikacin gandun daji da ya zo ganin aikinmu ya rubuta mini sunanta na littafi cikin kayena: Leptadenia hastata. Danginsu guda da tumfafiya da kalimbo. Kuma ba mu kaɗai ke cin ta ba. Mutanen Senegal suna yin miya da ita su zuba ma dambun hatsinsu, ana cin ta Burkina da Mali da Cadi, har can Habasha an san ta da riƙe mutane shekarar fari. Masu binciken da sunka auna hakukuwan dajin Nijar sun samu tana ɗauke da abin da ke ƙara jini da abin da ke ƙarfafa ƙashi. Maganar abinci nike yi. Masu jiƙa ta don magani daban suke, kuma ni mai ciwo likita nike tura ta, balle mai ciki.

Tun nan zan yi gargaɗi, don mun kusa faɗawa. Akwai fataka, ita ma yaɗo take, ita ma ɗiyanta auduga gare su. Yarinyar da munka aika neman iri ta kawo mana ɗiyan fataka cike da leda. Ku duba da kyau: kunnen fataka toka-toka ne, mai gashi, faɗinsa a zagaye, in kin karya reshe farin nono ke fitowa, kwanson ɗiyanta ƙaya-ƙaya ne mai laushi. Na yaɗiya sumul yake, dogo mai tsini, ruwan jikinta kuma ba fari ba ne kamar madara. Fataka majema ke aiki da ita don cire gashin fata, ba abin ci ba ce, guba ce. Haka nan duman kada. Wata ta ce ai shi ya fi saurin rufe ƙasa, ga fure babba mai kyan gani. Gaskiya ne, amma bakin ruwa yake so, kuma akuyar da ta cika ciki da shi sai ki gan ta tana rawar jiki tana tangaɗi. Munka bar shi inda yake.

Sai maganar wuri. Duk kun san mace a Adar ba a ba ta gona mai kyau. Abin da namiji ya yanke ƙauna da shi, shi ne rabonmu. Akwai wani fako gindin dabagi, arewa da gari, bai kai eka guda ba. Ƙasar ta daskare kamar daɓen ɗaki, in ruwa ya faɗi gudu yake ya wuce, ko ɗigo ba ya shiga. Munka tafi ga dattijon da ke da shi. Ya yi murmushi ya ce, "Ku ɗauka, ɗiyana. In kun hidda ko ƙwarya guda cikinai, ku kira ni in gani." Munka yi godiya munka taho, ba mu ce a rubuta komi ba. Ku riƙe wannan, zan komo kanta.

Yadda ake farfaɗo da fako ba mu ne munka ƙirƙiro shi ba, a ƙasarmu ya girma. Tun 1984 da anka fara aikin Keita, mata ne sunka fi yawa ga ɗaukar duwatsu da gina, don maza sun tafi biɗa. A 1989 anka kai wasu manoman ƙasar Illela Yatenga ta Burkina Faso, sunka ga yadda Mosawa ke gina ramu su zuba taki, sunka dawo sunka gyara tassa irin tamu, daga wajen Badagishiri abin ya watsu har mutane sunka koma sayen fakon da da ko kyauta ba a so. Rabin wata kuwa da yawa cikinmu mun gina shi a aikin gina ka ci. Ruwan da Tawa ke samu a shekara, in anka daidaita, bai kai milimita 400 ba, don haka duk dubarar guda ce: ɗan abin da ya faɗo kada a bar shi ya gudu. Abin da munka ƙara kawai shi ne tambayar: in an tare ruwan, mi za a sa wanda zai zauna ya rufe ƙasar har rani, lokacin da kuɓewa da yakuwa sun bushe an kwashe?

Munka yi ginar cikin sanyi, kafin ƙasa ta yi zafi. Kowane rabin wata taki huɗu ga faɗi, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, zurfi kamar rabin kamu, ƙasar da anka fidda a tara ta bayansa a danne da duwatsu. Layi na biyu a gina shi daidai tsakanin biyun da ke sama, don ruwan da ya kuɓuce ma wancan ya faɗa wannan. Diga da pelu aro munka yi. Taki kuwa doka munka sa: kowace mace ranar zubi ta zo da dalarta 20 da kwanon kashin awaki. Wadda ta manta kwano, tara ta hau kanta kamar wadda ta makara.

Iri shi ne abin da ya fi ba mu wuya, kuma nan nike so ku tsaya ku karanta sau biyu. Kwanson yaɗiya in ya nuna tsagewa yake yi, kowace ƙwaya da ɗan tuntun audugarta, iska ya kwashe. In kin tsinka shi ɗanye, ƙwayar fara ce, ba ta tsirowa. In kin jira ya buɗe, kin tarar da kwanso wayam. Inna ce ta koya mana: in kin ga kwanso ya cika ya fara sake launi, ki ɗaure shi da zare ko tsumma tun yana bisa uwarsa, ki koma bayan ƴan kwanaki. Ko ki tsinka waɗanda bakinsu ya fara tsagewa, ki sa cikin buhu ki ɗaure, ki rataye a inuwa, su ida fashewa can ciki. Sannan ki murje a cikin ɗaki, ƙofa rufe, ki raba ƙwaya da auduga. Ƙwaya mai kyau ja-ja ce mai duhu, shafal kamar ɗan ɓawo. Ki zuba ta cikin kwalba busasshiya da ɗan toka, ki toshe. Ranar da munka fara murzawa a tsakar gida munka yi, iska ya taso, rabin wahalarmu ta tashi sama muna kallo, yara na bi suna tafi.

Damanar farko, in faɗi gaskiya, kunya munka sha. Watsa irin munka yi bisa ƙasa kamar yadda muke ganin Allah na yi, ruwan farko ya tattara shi wuri guda, tururuwa ta kwashe saura. Wasu kuma sunka binne nasu da zurfi kamar wake, bai fito ba. Wanda ya fito shi ne wanda anka sa a ɗan rami, ƙwaya 3 ko 4, anka rufe da ƙasa sama-sama, kaurin ɗan yatsa, bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. Kuma ba tsakiyar rabin wata ba, inda ruwa ke kwanciya. Can ruɓewa yake. Jikin kunyar daga ciki, inda akwai laima amma ruwa ba ya tsayawa, nan take so. Ɗan abin da ya tsira ya kai kaka lafiya. Da anka saki bisashe bayan an kwashe hatsi, kwana biyu awaki sunka yi mana aski. Tsohuwar yaɗiya akuya ta ci ta sake toho, amma jaririya da saiwarta ba ta yi nisa ba, fizga guda ta fito da gindinta.

A taron da ya biyo baya mata 4 sunka ce su sun fita daga wannan aiki, asusu kawai sunka sani. Ban hana su ba, kuma ban bari anka yi musu gori ba. Macen da mijinta ke Libiya shekara biyu ba aike, ga ɗiya shida, ga ɗibar ruwa, ga itace, ba ki da bakin ce mata ta ƙara haƙuri.

Shekara ta biyu munka sake dubara. Tun bazara, kamar wata guda da rabi kafin ruwa, kowace ta reni nata a gida. Ledar ruwan sanyi da yara ke zubarwa munka tsince, a yanke baki, a huda gindi, a cika da yashi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi guda, a sa ƙwaya biyu. A jera su a inuwar zana inda kaji ba su kai, ana yayyafa musu ruwan alwala safe da marece. Ruwan sabulu kada ya taɓa su. Da ruwa ya zauna, ba ruwan farko mai ruɗi ba, munka kai su fako da marece, a yage leda a hankali kada ƙasar ta warware, a dasa biyu ga kowane rabin wata, guda kowane gefe. Kada ki bar su su daɗe cikin leda, don saiwa takan huda ta shiga ƙasa, in kin ɗaga ta katse. Kowane gindi munka kewaye shi da ƙayar magarya, munka danne da dutse. Daga asusun taimako munka fidda ɗan abin da muke ba wani tsoho yana kewayawa bayan an saki bisashe, da yardar kowa, an rubuta cikin kaye.

Ranin farko kaɗai munka ba su ruwa, shi ma ba kullum ba: bido guda bisa jaki ya zagaya gindi da dama, sau ɗaya a mako, daga tsakiyar rani har ruwa ya sauka. Bayan wannan ba mu ƙara kai musu ko moɗa ba. Wani abin da munka lura, reshen da yashi ya binne wani lokaci yakan yi saiwa nan inda ya kwanta. Sai munka riƙa yi da gangan cikin damana: a ja dogon reshe zuwa inda ƙasa take tsirara, a rufe tsakiyarsa da ƙasa mai laima, a ɗora dutse, a bar kansa waje. Wani ya kama, wani bai kama ba, amma ba a biyan ko dala.

Dokar tsinka ita ce ta fi haddasa faɗa. Munka ce shekarar farko ba mai taɓawa. Daga ta biyu, kan reshe kawai ake tsinka, tsawon tafin hannu, da ƙananan kunnuwa da fure. Ba a jan reshe, ba a sa wuƙa ga gindi. Munka raba filin kashi uku, ana tsinkar kashi guda ana barin biyu su huta. Gindi goma kuma munka ɗaura musu jan tsumma, su na iri ne, ko furensu ba a taɓawa. In kina tsinke kai, reshe sai ya fito da biyu ko uku a madadin guda, tabarmar ta ƙara kauri. In kin tsige duka, kin ci yau kin hana gobe. An kama wata cikinmu da dare ta cika zane. Da anka tambaye ta sai ta fashe da kuka, ashe kwana biyu ba a ɗora tukunya gidanta ba. Ba mu ci ta tara ba. Daga ranar munka ƙara doka: wadda ta matsu ta zo ga shugaba ko ga Inna a asirce, a ba ta izini ba tare da an kai maganar taro ba.

Abin da ya faru ƙarƙashin yaɗiyar shi ya fi ba ni mamaki, fiye da abin da munka ci. Ku je ku ɗaga rassan da hannu ku gani. Iskan hunturu da ke share fako yana tafiya da komi, in ya iso gare ta sai ya ajiye kayansa: yashi, karmami, kashin awaki, ƙwayar haki. Kowane gindi ya tara ɗan tudu. Gara ta shigo tana cin karmamin tana huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Da tsakar rana ki sa tafin hannu bisa fako ki ji kamar tanda, ki sa ƙarƙashin yaɗiya ki ji sanyi. Damana ta uku haki ya fito inda tun tasowata ban taɓa ganin kore ba, har da ƴan aduwa da magarya waɗanda ba wanda ya shibka, sun ɓuya cikin rassan akuya ba ta gan su ba. Tsakiyar rabin watan kuwa kuɓewa da yakuwa muke sawa, ga tafasa tana fitowa da kanta.

Ba zan ɓoye muku aibinta ba. Inda inuwa da sanyi suke, maciji da kunama na so. Kada ki aiki yaro ƙarami, kada ki tura hannu sai kin buga da sanda, kuma da takalmi. Tana hawan kuɓewa ta danne ta, sai ana janye rassan ana mai da su bayan kunya. Maza da yawa ba su son ta tsakiyar gonar hatsi don tana kama hauya, kuma suna da gaskiyarsu. Wurinta fako, bakin gona, gefen ƙorama inda ruwa ke cin ƙasa, da jikin darni a gida. Ƴan'uwa na cikin garin Tawa masu fama da yashi yana shigo musu gida, gindi biyu jikin katanga ta waje sun isa ku gwada, in kun kare su daga awakin unguwa.

Dahuwarta kowa da hannunta, amma ga yadda nike yi. A tsince, a wanke, a sa cikin tafasasshen ruwa da ɗan kanwa kaɗan, in ya yi laushi a tsiyaye ruwan farko don ɗaci ya tafi. Mai son ɗaci-ɗaci ta tsaya nan, mai ba yara ta sake wani ruwan. A matse sosai, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, gishiri, tonka, albasa, da ɗan mai in akwai. Da fure ciki ya fi daɗi nesa. Ana zuba ta cikin dambu, ana haɗa ta da garin rogo, tiya guda ta yi aikin guda da rabi. Lokacin da ta yi yawa muna shanyawa a inuwa, ba cikin rana ba, don rana na cinye korenta, mu ɗura cikin buhu. Biyu daga cikinmu ke kai kwaɗo da busasshiya kasuwar Tawa ranar Lahadi. Kuma ku ji abin dariya: matan ma'aikata ne sunka fi saye, su da ba su taɓa rufe tukunya don kunya ba. Ba mu yi arziki ba, kada wata ta ji labari ta ɗauki bashi a kai. Abin da ya shigo ya biya tsohon mai gadi, ya sayi amalanken taki, ɗan saura ya shiga asusun taimako. Babbar ribar ita ce cikin bazara ba mu sayen ganye, kuma ƴan matanmu sun bar yini a daji.

Yanzu maganar da na ce ku riƙe. Dattijon da ya ba mu fako Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Bara ɗansa ya dawo daga Abijan, ya bi ta wurin, ya ga kore. Bai ko zo gare mu ba, aike ya yi: gonar ubansa yake so, bana zai shibka hatsi. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Shekara huɗu na diga da ɗaukar taki, ga mata sun dogara gare ni, ga shi ba mu da ko guntuwar takarda. Laifina ne, ni da na yi karatun manya, ni da ke rubuta dala biyar in ta shiga asusu, ban rubuta eka ba.

Munka sa zannuwanmu na fita, mu duka, har da huɗun nan da sunka janye, munka tafi ƙofar maigari. Inna ta yi magana. Ta ce, "Ranka shi daɗe, munka ɗauki wurin ga ko jaki ba ya tsayawa cikinai. Yaron ga ɗanmu ne, ni na ga ranar sunanai. Ba mu ce gona tamu ta ba. Amma a tambaye shi, da wa yab bar ma uwatai sa'ad da yat tahi?" Mahaifiyarsa tana cikin masu zubi da mu, tana zaune nan kanta sunkuye.

An yi zama uku. A nan na san abin da ya kamata in sani tun farko: tun 1993 ƙasarmu ke da dokar karkara, kuma ƙarƙashinta akwai kwamitin filaye tun daga gari har komin, waɗanda ke rubuta takardar saye, ta kyauta, ta jingina, da ta aro, da shaidu. Aro ma ana rubuta shi. Ƙarshe anka raba: ya karɓi gefen gangare inda ƙasa ta fi taruwa, wanda shi ne mafi kyau, kusan kashi ɗaya cikin uku. Saura anka rubuta mana aro na shekara 10 da sunan ƙungiya, ba da sunan mace guda ba, maigari da liman da shaidu sunka sa hannu. Ranar da ya sa hauya ya sare yaɗiyar gefensa, wasu cikinmu kuka sunka yi. Ni ban je ba. An ce mini gindin sun fara toho bayan ruwa biyu, yana sara suna fitowa.

Duk ƙungiyar da ke son gwadawa, ga yadda nike ganin ya kamata ku jera abin: takarda tukuna, kafin diga ta taɓa ƙasa, tun wurin yana fako ba wanda ke kwaɗayinsa. A rubuta shekaru, a rubuta iyaka, a rubuta abin da zai faru in mai wurin ya rasu. Takardar a yi mata hoto da salula, a ajiye ta cikin asusu tare da kaye. Kuma ku fara da kaɗan, rabin wata 10 ko 20 da za ku iya tsarewa sun fi 100 da awaki za su cinye.

Iri muna da shi bana, kwalba uku, daga gindin nan masu jan tsumma. Ba sayarwa muke ba. Shugabar ƙungiyar da ke so ta aiko mace guda ranar zubinmu da ƴar kwalbarta busasshiya, za mu auna mata cokali biyu, mu kai ta fako ta ɗaga rassan da hannunta, Inna kuma ta gwada mata bambancin kwanson yaɗiya da na fataka. Sharaɗi guda ne: in taku ta yi ɗiya, ku ba wata ƙungiyar cokali biyu. Ku zo kafin bazara ta yi nisa, don ledojin reno suna son wata guda da rabi kafin ruwa. Wadda za ta zo ta sa takalmi rufaffe.